Kutsen manhaja ko dashen cif: wanne ya dace da na'urar gem ɗinka?

Mai son buɗe na'urar gem ɗinsa, wato ƙetare makullin da kamfani ya sa mata don ta karɓi manhaja ko wasan da bai amince da su ba, PlayStation ce ko Xbox ko ta Nintendo, hanya biyu ce a gabansa. Ko dai ya bi ta wata kafa da kamfani ya bari a manhajar na'urar ba da saninsa ba, ya shige ba tare da ya kwance ko noti ɗaya ba, ko kuma a buɗe cikinta a liƙa mata cif, wato ɗan ƙaramin guntun lantarki, da dalma. Masu harkar sun daɗe suna musu a kan wacce ta fi, kuma rabin musun ɓata baki ne, domin sau da yawa na'urar ce take yanke hukunci, ba mai ita ba. Kafin ka saurari kowa, kifa ta ka karanta lambar samfurin da ke jikin takardar ƙasanta, sannan ka kunna ka duba lambar manhajar da take kai. Waɗannan lambobi biyu su za su gaya maka ko kana da zaɓi, ko kuwa an riga an zaɓa maka tun daga masana'anta.

Yadda makullin yake

In ka danna maɓallin kunnawa, na'urar ba ta faɗawa cikin wasa kai tsaye. Akwai ɗan ƙaramin umarni da aka gina a cikin ƙwaƙwalwarta, wanda ba ya gogewa kuma ba ya canzuwa. Shi yake fara tashi, ya duba ko umarni na biyu yana ɗauke da sa hannun kamfani, na biyun ya duba na uku, har a kai ga wasan kansa. Kamar gida ne mai zaure bayan zaure, kowane zaure da mai gadinsa. Kutsen manhaja yawanci yana yaudarar ɗaya daga masu gadin can ciki ne, bayan na'ura ta riga ta tashi. Cif kuwa tun a ƙofar waje yake tare hanya.

Kusan duk bambancin da ke tsakanin hanyoyin biyu daga nan ya samo asali. Wanda ya karɓi iko tun farkon tashin na'ura, kamfani ba ya iya ƙwace shi da sabunta manhaja, kuma ko manhajar ciki ta lalace yana da ta inda zai shiga ya gyara. Wanda ya shiga a makare kuwa, sabuntawa ɗaya tak kan iya toshe kafar da ya bi, a wasu na'urorin ma sai ya maimaita kutsen duk lokacin da ya kashe ya kunna. Abin da kake saye da cif ke nan, dawwama da hanyar ceto. Farashinsa shi ne sai ƙarfe mai zafi ya taɓa fanel ɗin na'urarka, wato allon da kayan lantarkinta suke kai.

Inda manhaja ta riga ta ci gari

A zamanin PlayStation ta farko, wadda ta fito a Japan a 1994, cif ne sarki. Sony ta ɓoye wata alama ta haruffa huɗu a farkon kowane faifai na asali, SCEI na Japan, SCEA na Amurka, SCEE na Turai, ta hanyar da injin kwafar faifai ba ya iya maimaitawa. Aikin cif ɗin bai wuce ya riƙa aika wa na'urar wannan alama ba, sai ta ɗauka faifan yankinta ne. Sai a 2021 aka samu hanyoyin manhaja masu tasiri irin su tonyhax da FreePSXBoot, shekara 26 da ɗoriya bayan fitowarta. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa na'urar da ba ta da kafa a yau tana iya samu gobe, in kana da haƙuri.

A PlayStation 2 (PS2) lamarin ya juye gaba ɗaya. Cif ɗinta, irin su Matrix Infinity da Modbo, yana cin wayoyi kusan ashirin, kowacce a kan ɗigon da bai kai kan allura biyu ba. Sai ga Free McBoot, kutsen manhaja wanda yake zama a katin memori kawai. Sony ta tsara na'urar ta riƙa duba kati ko akwai sabuntawa a ciki yayin tashi, shi kuma sai ya shigo a rigar sabuntawar. Ka sa kati, na'ura a buɗe take. Ka zare, ta koma yadda ta fito daga kwali. A ganina babu wani dalili da ya rage na dasa wa PS2 cif a yau, sai ga wanda ya nace lallai da faifai yake son ya yi wasan wani yanki ba tare da wani zagaye-zagaye ba. Abin lura ɗaya: siraran ƙarshe na jerin SCPH-90000, waɗanda suka zo da BIOS (manhajar tushe da na'ura take tashi da ita) mai lamba 2.30 daga 2008, ba sa tayar da Free McBoot. Su ma an samo musu wasu hanyoyin, ciki har da FreeDVDBoot na 2020 da yake bi ta manhajar kallon DVD.

Sai dai kada ka zaci buɗewa tana ƙara wa na'ura ƙarfi. Ramin USB na PS2 tsohon samfurin 1.1 ne, don haka wasan da aka ɗora daga filasha yakan riƙa sarƙewa a wuraren bidiyo. Mai babbar PS2 da ya sa mata rumbun ajiya ta bayan na'ura ya fi shi jin daɗi nesa ba kusa ba, kuma ko cif ko kati ba su da hannu a wannan.

Wii ma haka. Da farko ana dasa wa injin faifanta cif irin Wiikey. A 2008 aka gano cewa in aka tsawaita sunan doki fiye da kima a fayil ɗin ajiyar wasan Zelda na Twilight Princess, na'urar takan ruɗe ta karɓi umarnin da ba nata ba. Daga nan Homebrew Channel, shafin da ake kunna manhajojin sa-kai a Wii, ya samu gindin zama, daga baya LetterBomb ya sa ko wasan ma ba a buƙata, katin SD ya wadatar. Kasuwar cif ɗin Wii ta mutu a tsaye. Wii ɗin farko-farko, waɗanda aka ƙera kafin ƙarshen 2008, suna ma karɓar BootMii a matakin boot2, wato manhaja ce amma tana tashi kafin babban shafin na'ura, ta ba ka irin ceton da a wasu na'urorin sai da cif ake samu.

Xbox ta farko, inda zaɓin yake na gaske

Wannan ce na'urar da musun ya cancanci a zauna a yi shi. Xbox ta 2001 kusan kwamfuta ce a cikin baƙin akwati, kuma buɗe ta da manhaja ba wuya, ta hanyar gurɓataccen fayil ɗin ajiya na wasanni irin su MechAssault, Splinter Cell ko 007: Agent Under Fire. Mutum zai gama cikin ɗan lokaci ya ga komai yana aiki, ya ce to me zai kai shi ga dalma?

Ba a nan gizo yake saƙa ba. Rumbun ajiyar Xbox a kulle yake da kalmar sirri da aka samo daga wani mabuɗi da ke cikin ƙaramin cif na EEPROM a kan fanel, kuma kowace na'ura da nata. Kutsen manhaja a cikin wannan rumbun yake zaune, na'urar kuma har yanzu da BIOS ɗin Microsoft take tashi, wanda ba ya yarda da rumbun da ba a kulle da mabuɗinta ba. Rumbunan nan masu gigabait 8 ko 10 sun haura shekara ashirin suna juyawa. Ranar da naka ya mutu, kutsen ya tafi tare da shi, kuma in ba ka kwafi EEPROM ka ajiye a wani wuri ba, sabon rumbu ba zai shiga ba sai an buɗe na'urar an karanto mabuɗin da kayan aiki. Wanda ya dasa cif, ko ya sake rubuta BIOS ɗin kan fanel ta hanyar da ake kira TSOP, ba ruwansa da wannan. Zai sa kowane rumbu, ya girka manhaja daga faifai, ya ci gaba da wasansa.

Shawarata a nan hawa biyu ce. Fara da manhaja, ka kwafi EEPROM a ranar, ba washegari ba. In fanel ɗinka tsakanin samfurin 1.0 da 1.5 yake, sake rubuta TSOP ba ya buƙatar fiye da haɗe ɗigo kaɗan da dalma, kuma yana ba ka kusan duk abin da cif zai ba ka. Samfurin 1.6 ba ya karɓar wannan, sai cif. Kuma ko ka so ko ka ƙi sai ka buɗe akwatin, domin kafasiton agogo na samfuran farko ya shahara da yoyo, ruwansa yana cinye layukan fanel a hankali. Tunda za a kwance notin dai, hujjar "ba na son a buɗe mini na'ura" ta faɗi.

Inda kamfanoni suka koyi darasi

Microsoft ta ji jiki a Xbox ta farko, sai ta zo wa Xbox 360 da shiri. Ta sa wasu ƙananan fiyus a cikin ƙwaƙwalwar na'urar, waɗanda ake ƙonawa ɗaya bayan ɗaya yayin wasu sabuntawa, ta yadda ba za a iya komawa tsohuwar manhaja mai kafa ba. Kutsen JTAG na 2009 yana aiki ne kawai a kan na'urar da ba ta wuce manhaja mai lamba 7371 ba. A 2011 aka fito da RGH, dabara mai ban mamaki: a daidai lokacin da ƙwaƙwalwa take gwada sa hannu, sai a rage mata gudu a aika mata ɗan bugun lantarki, ta rikice ta ce sa hannun daidai ne. Ba kullum bugun yake dacewa a karon farko ba, shi ya sa wasu na'urorin RGH sukan ɗan jinkirta kafin su tashi. RGH3 na 2021 ya kawar da buƙatar cif ɗin kansa, amma bai kawar da dalma ba.

Shekaru da dama amsar 360 ɗaya ce, dalma ko haƙuri. A 2025 aka saki BadUpdate, kutsen manhaja zalla da yake aiki a kan manhajar ƙarshe mai lamba 17559, har da fanel ɗin Winchester, samfurin ƙarshe na 360, wanda RGH ya gagara. Amma ba ya zama. Kana kashe na'ura ya tafi, sai an sake, kuma ba kowane gwaji yake ci ba. Ga mai son ya leƙa ya ga abin da ke ciki, ko ya kwafe wasanninsa, ya wadatar. Ga wanda zai riƙa kunnawa kullum, RGH ya fi kwanciyar hankali.

PlayStation 3 ta bi wata hanyar. A Disambar 2010, a taron masu kutse na Berlin, ƙungiyar fail0verflow ta nuna cewa Sony ta yi sakaci a lissafin sa hannunta: lambar da ya kamata ta canza kowane lokaci, ɗaya take amfani da ita kullum. Ba a jima ba wani mai kutse, George Hotz, ya wallafa mabuɗin, Sony ta maka shi kotu, suka sasanta a Afrilun 2011. Sakamakon shi ne duk manyan PS3 na farko da yawancin sirara na farko suna karɓar cikakkiyar manhajar da aka sauya, mai zama daram ko an kashe. Sirara na jerin 3000 da Super Slim kuwa sai PS3HEN, wanda ake tayarwa bayan kowace kunnawa kuma ikonsa bai kai na cikakkiyar ba. A PS4 maganar duk ta lambar manhaja ce, 5.05, 9.00, 11.00 da makamantansu. Wanda ya sabunta ya wuce inda aka samu kafa, sai jira.

Switch, wadda ta raba masu ita gida biyu

Switch ta fito a Maris 2017 da ƙwaƙwalwar Tegra X1 ta Nvidia. A Afrilun 2018 aka bayyana Fusée Gelée, kuskure a cikin wancan umarni na farko da ba ya gogewa. Tunda ba ya gogewa, Nintendo ba ta da yadda za ta gyara shi a na'urorin da suka riga suka shiga hannun mutane, sai dai a masana'anta, kuma haka ta yi daga tsakiyar 2018. Mai irin wannan na'ura ta farko ba ya buƙatar dalma. Ɗan ƙaramin abu ake zura wa a layin da ake zura madannin wasa na dama ya haɗe ƙafafun lantarki biyu, a tura umarni ta USB. Wannan ba manhaja zalla ba ce, ba kuma dashe ba ne, tsakiya take. Wahalarta ɗaya, duk lokacin da na'ura ta mutu gaba ɗaya sai an sake turawa daga waya ko kwamfuta.

Duk sauran, wato waɗanda aka gyara, da samfurin 2019 mai daɗewar batir, da Lite, da OLED ta 2021, sai cif, irin su Picofly. A nan ne nake cewa mai koyo ya janye hannunsa. Ana liƙa siririn kebul ne a jikin kafasitocin da ido da ƙyar yake gani, dab da ƙwaƙwalwa. A OLED akwai ɗigon da ake nema a ƙarƙashin cif ɗin ajiya, sai an cusa wani siririn abu a ƙasansa ko a kankare fanel har a isa layin. Aikin madubin ƙara girma ne da hannun da ya saba. Wanda bai taɓa liƙa abin da ya fi wayar rediyo ƙanƙanta ba, kada OLED ta zama makarantarsa.

Haɗari: kowanne da inda yake cizo

Ana yawan cewa manhaja ba ta da haɗari. Ba haka ba ne, wurin haɗarin ne ya bambanta. Na cif yana tattare a awa ɗaya ta dashe: layi ya ɗago, dalma ta haɗe ƙafa biyu, zafi ya yi yawa. In aka tsallake wannan awa lafiya, sauran kwanaki sai dai wayar da ba ta kamu da kyau ba ta saki. Na manhaja kuwa a warwatse yake tsawon rayuwar na'urar. Wuta ta ɗauke ana tsakiyar rubuta manhajar tushe, ko a girka fayil ɗin wani yanki a Wii, ko yaro ya ga saƙon sabuntawa ya danna "eh". Kuma yawancin waɗanda na'urarsu ta mutu murus ta wannan hanya tsohon bayani suka bi, bidiyon shekara biyar da ta wuce a kan manhajar da ta canza tun tuni.

Maganin duka biyun ɗaya ne, kwafin ƙwaƙwalwar ajiyar na'ura da mabuɗanta kafin a taɓa komai, a ajiye shi a wajen na'urar. Kwafin wata na'ura ba zai yi maka aiki ba ko da samfurinku ɗaya, domin mabuɗan sun bambanta. In za ka ba wani ya dasa maka cif, ka tambaye shi wannan kwafin ya ba ka a hannu. Wanda ya ce ba ya yi, ɗauki na'urarka ka yi gaba.

Ta fuskar komawa baya, manhaja ce ke gaba. Katin PS2 ana zarewa, kutsen PS4 yana gushewa da kashewa. Cif ana iya cire shi, amma tabon dalma da yagaggen hatimi ba sa ɓoyuwa, kuma kamfani ba zai karɓi irin wannan a garanti ba. Kada dai ka ɗauka manhaja ba ta barin sawu. Switch tana rubuta abubuwan da suka faru a cikinta, ta aika wa Nintendo da zarar ta hau intanet.

Kora daga intanet, da doka

Sabar kamfani, wato kwamfutarsa da na'urarka take haɗuwa da ita ta intanet, ba ta tambayar ta wace ƙofa ka shigo. A Nuwambar 2009 Microsoft ta kori dubban ɗaruruwan Xbox 360 daga Xbox Live, dandalinta na wasa ta intanet, galibi waɗanda aka sauya wa manhajar injin faifai. Nintendo takan toshe na'urar kanta, ba asusu kaɗai ba, kuma ba kasafai ake dawowa daga wannan ba. Masu Switch sukan raba ta biyu, tsaftatacciyar manhaja a ciki don intanet, kwafi a katin SD don kutse wanda ba ya taɓa haɗuwa da sabar Nintendo. Yana rage haɗari, bai kawar da shi ba. Saboda haka in kana da wasannin da ka saya a asusunka, ko kana wasa da abokai ta intanet, amsar ba manhaja ba ce ba cif ba ce, na'ura ta biyu ce.

A tsofaffin na'urori wannan tsoro ya ragu sosai. An rufe Xbox Live na Xbox ta farko a 2010, wasan intanet na Wii a 2014, shagonta a 2019, shagon 360 kuma a Yulin 2024. Masu sha'awa ne ma suka farfaɗo da wasu, Wiimmfi ga Wii, Insignia ga Xbox.

Doka kuwa ƙasa-ƙasa ce. A Amurka dokar DMCA ta 1998 ta hana ƙetare makullin da ke kare haƙƙin mallaka. Babbar kotun Ostareliya ta yanke a 2005 cewa cif ɗin PlayStation bai saɓa wa dokarsu ta lokacin ba, daga baya aka gyara dokar. Nauyin ya fi faɗawa kan masu sayarwa: a 2022 wata kotun Amurka ta ɗaure Gary Bowser na ƙungiyar Team Xecuter, masu sayar da kayan kutsen Switch, wata 40, ga biyan Nintendo dala miliyan 4.5, ban da wasu miliyan 10 na shari'ar diyya. Sauke wasan da ba ka saya ba satar fasaha ce ko ta wace hanya aka buɗe na'urar. Kwafe faifanka don kada ya karce, wasan wani yanki, fassarar da masoya suka yi wa tsohon wasa, manhajojin sa-kai, waɗannan su ne dalilan da suka riƙe harkar tsawon shekaru.

In idon na'urar ne ya gaji

Akwai masu neman cif alhali matsalarsu ba makulli ba ce, idon da ke karanta faifai ne ya raunana. Tsohon cif irin na PS1 ba zai taimake su ba, ƙara wa idon aiki ma zai yi, domin faifan da aka kwafa ya fi na asali wuyar karantawa. Abin da suke buƙata shi ne na'urar da ke maye gurbin injin faifan gaba ɗaya ta riƙa karantawa daga katin SD: GDEMU a Dreamcast, GC Loader a GameCube, XStation a PS1. Na farko da na biyu sakawa kawai ake yi a mazaunin tsohon injin, in samfurin ya dace. XStation kuwa sai an ɗaga wasu ƙafafun cif a kan fanel an liƙa, aikin gwani ne.

Mai Xbox One ko Series da burinsa bai wuce kunna manhajar kwaikwayon tsofaffin na'urori ba, shi ba ya buƙatar ko ɗaya. Microsoft da kanta ta buɗe Developer Mode, ana rajista a shiga, RetroArch, ɗaya daga irin waɗannan manhajoji, yana aiki a ciki, garanti da asusu suna nan lafiya.

In kuwa yanzu za ka sayi na'urar hannu musamman don wannan, ka sayi wadda ta dace tun farko, ya fi ka saya ka zo kana neman mai dalma. Nemi hoton takardar lamba da hoton shafin da ke nuna lambar manhaja kafin ka biya. A Switch lambar siriyal ce take nuna ko ta farko ce, a PS3 lambar CECH, a PS2 lambar SCPH da lambar kwanan ƙira. Kuma ka gaya wa mai sayarwa a fili kada ya sabunta maka ita, domin da yawa sukan yi haka da nufin kyautatawa.